Ranar da Injin Surukina Ya Sha Ruwa

Surukina mutumin Yashe ne, kuma in ka tambayi mutanen unguwarsu 'ya'yansa nawa, sai su lissafo maka su sannan su ƙara da injin. Wani tsohon janareta ne mai shan gas, wato dizal, kore, da ƙatuwar tayar ƙarfe a gefe, irin wanda ba ya tashi da makulli sai da ƙarfin damtse. Shi ke ba famfon burtsatsen ƙofar gida wuta, burtsatsen kuma shi ke shayar da unguwa. Baba, haka nake kiransa, ya yi aikin kula da injinan ruwa tun yana saurayi har ya yi ritaya, kuma da wannan aka san shi. In inji ya gagari masu gyara a Kusada, akan ce a kai wa tsohon Yashe ya saurara.

Saurarawa kuwa yake yi da gaske. Yakan ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ya manna kunne a ƙotar, ya lumshe ido kamar mai jin karatu. Kowace safiya yana zaro sandar awon baƙin mai ya duba, ya leƙa gangar ruwan da ke sanyaya injin, ya goge shi da tsumman da ya fi wasu riguna tsabta. Yana kuma da doka guda da kowa ya sani: ba ya zuba man da aka sayo a ranar. Sai jarka ta kwana a ajiye, datti da ruwa sun kwanta a ƙasa, sannan ya tsiyaye na sama a hankali ya bar na gindin. Cewa yake mai ma baƙo ne, sai ya huta ake sanin halinsa.

'Ya'yansa sun gaji da injin. Babban cikinsu, wan matata, wanda nake kira Yaya, ya daɗe yana so a sayar wa 'yan gwangwan a sa sola kamar yadda kowa ke yi. An yi ta ja har aka tsaya a kan magana ɗaya: duk ranar da unguwa ta wuni babu ruwa saboda injin, to ya tafi. Baba ya yarda a gaban mutane, don ya tabbata ranar ba za ta zo ba. Bai san Allah ya haɗa shi da suruki irina ba.

Ni malamin makaranta ne a Kankiya, kimiyya ma nake koyarwa, abin da ya sa labarin nan ya fi yi mini ciwo ke nan. A lokacin shekarata uku da aure, kuma ina cikin surukan nan masu cika ladabi har ya yi yawa. Tun daga nesa nake cire takalmi. Ban taɓa shan ko ruwa a gaban Baba ba. In ya yi magana, amsata ba ta wuce "Haka ne, Baba," ko da ban ji abin da ya ce ba.

Wata Asabar ta bazara muka shirya zuwa gaisuwa ni da maiɗakina. Na ce a raina goro da sabulu kowa na kaiwa, ni abin da tsoho ke so zan kai masa, wato man inji. Na ɗauko wata jarka mai ruwan ɗorawa da aka taɓa zuba man gyaɗa, na dube ta na ga duk maiƙo, na ce ai wannan ba ta shiga gidan suruki a haka. Na zauna na wanke ta tas, ciki da waje, da garin sabulu. Na ɗauraye sau biyu, na bar na ukun a ciki ya ɗan jiƙa. Daga nan aka ce rana tana yi, na tuntsurar da ita sau ɗaya cikin gaggawa, na ɗaure a bayan babur, na tsaya a hanya aka cika ta da gas. Wanda ya san irin jarkar nan ya san ba ta ba da duk abin da ke cikinta da tuntsurawa ɗaya. Ni a lokacin ƙyallinta kawai nake kallo ina jin daɗi.

Mun isa da hantsi, mun tarar da layin jarkoki da bokitai ya miƙe, masu kurar ruwa suna jira a inuwar darbejiya. Na durƙusa na gaishe da Baba, na tura jarkar gabansa ina kallon ƙasa.

"Kai, Malam, har da wahala? Gas ne? Allah shi yi albarka." Ya ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji. "Ku gani, gas ne Malam ya kawo mani tun daga Kankiya!"

Sai ya yi abin da ba a taɓa ganin ya yi ba. Ya buɗe tanki ya juye jarkar nan take, har ɗigon ƙarshe, yana bubbuga gindinta. Daga baya na gane dalili. Da ya ajiye ta ta kwana, da ya zama kamar yana zargin kyautar surukinsa. Ni kuwa ina tsugune sai kumbura nake yi.

Ya ɗage ɗan ƙarfen da ke sassauta injin, ya zura abin juyawa, ya yi bisimilla ya fara. Tayar ta ɗauki gudu, ya saki ƙarfen, injin ya ce tuf, tuf, tuf, ya kama. Ruwa ya fara zuba, mata suka fara gyara bokitai. Ba a cika jarka biyar ba sai injin ya yi tari, ya fesa wani farin hayaƙi, ya yi kakari kamar rago a hannun mahauci, ya yi shiru.

Baba ya tsaya ya kalli hayaƙin har ya baje. Ya sassauta wani ɗan noti a kan matatar mai, ya taɓa abin da ya ɗigo, ya murza a yatsa. Na ga ya ɗan daɗe yana kallon yatsan. Sannan ya ɗaure notin da sauri ya goge hannu.

"Bel ne," in ji shi.

Ko ni da iyakar sanina ta tsaya a allo, na san bel ba ya sa hayaƙi. Amma na ce, "Haka ne, Baba."

Ya kwance bel, ya duba, ya mayar. Ya kwance salansa, bututun fitar hayaƙi, ya kakkaɓe. Ya wanke matatar iska wadda jiya-jiya ya wanke. Duk abin da ke jikin injin nan sai da ya taɓa, ban da tanki. Yana cikin yi ya ɗago ya dube ni.

"Malam, ku kama hanya hakanan. Rana na yi, ga hanya da nisa."

Tsakanin Yashe da Kankiya ko shayi ba ya hucewa a babur. Na ce, "Haba Baba, ina ni ina tafiya in bar ka cikin wannan hali?" Na tuɓe babbar riga na rataye, na naɗe hannun 'yar ciki, na tsuguna kusa da shi ina miƙa masa sifana. In ya ce goma sha uku in ba shi sha bakwai.

Bayan azahar ya sake gwadawa. "Malam, halan ba ka da aikin makaranta? Takardun yara na nan na jiranka."

"Yau Asabar ce, Baba."

"To shiga ciki ka huta, a ba ka hura."

"Na ƙoshi, Baba." Rabona da abinci tun kokon safe.

Ya yi wani dogon numfashi. Ni kuma na ɗauka tausayina yake ji, sai na ƙara matsowa.

Layi ya fara watsewa, wasu suka nufi rijiyar bayan gari suna gunaguni. Yaya kuwa faɗuwa ta zo masa daidai da zama. Ya zo ya tsaya da hannu a baya yana zagaya injin, fuskar nan kamar mai ta'aziyya, amma ido na dariya. Kafin la'asar sai ga wani ɗan gwangwan ya iso da amalankensa da ma'auni, wai wucewa yake yi. Ya zauna a gindin bishiya yana kallon tayar ƙarfen nan yadda kura ke kallon akuya.

"Baba, ba mu muka ce ba," in ji Yaya. "Magana ce kai ka yi ta. In aka kira magariba ba ruwa, shi ke nan."

Baba ya sake zura abin juyawa ya juya har jijiyoyin wuyansa suka tashi, alhali ya san ba zai kama ba. Da ya saki sai da ya dafa bango. A lokacin na fara ganin tsufa a jikinsa, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Sai aka ce ana kirana a zaure. Maiɗakina ce tsaye a bayan ƙofa, ta ja mayafi, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Wace jarka ka zubo man nan?"

"Wadda na wanke mana."

"Ka shanya ta?"

Abin da nake koya wa 'yan aji ɗaya duk shekara, cewa mai yana tasowa sama ruwa ya kwanta ƙasa, ya dawo mini tiryan-tiryan. Bututun da ke kai wa injin mai kuwa a ƙasan tanki yake.

"Baba ya sani?"

"Tun da ya taɓa da yatsa. Tun safe mutumin nan yake korarka don ya zubar ba a kan idonka ba, kai kuma ka kafe kamar turke. Mu nan ciki duk mun gane, kai kaɗai ne ba ka gane ba."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Ta ce in zo mu fice ta ƙofar baya, in bar shi ya yi aikinsa. Shawara ce mai kyau, kuma da na bi ta da labarin ya ƙare lafiya. Amma na ga ai ba daidai ba ne in gudu in bar tsoho da laifina. Na fito na ratsa mutane, na durƙusa a gaban Baba.

"Baba, man nan da na kawo..."

"Tsaya, Malam!" Ya ɗaga hannu. Bai taɓa katse ni ba sai ranar. Ya dafe goshi kamar wanda wani abu ya faɗo wa yanzu. "Inna lillahi. Jama'a, na tuna. Ni ne. Da asuba, kahin Malam shi zo, na ɗauko jarka na ƙara ma tankin nan, ashe ta ruwan alwala ce. Idon ne ya hwara tahiya. Kai, tsuhwa ba ta yi ba."

Nan take dariya ta fashe. Masu kura har da riƙe ciki. Wani ya ce ashe Baba alwala ya yi wa injin. Na buɗe baki zan yi magana, ya watso mini wani kallo da ya sa na haɗiye ta.

Daga nan aiki bai ɗauke shi komai ba. Ya kwance bututu ya tsiyaye tankin a baho, ruwa mai kumfa ya fara fita kafin mai. Ya sa ƙafa ya ture ƙasa a kan kumfar da ta zuba kafin wani ya tambayi abin da ya kai sabulu cikin ruwan alwala. Ya wanke matata, ya zuba tsohon mansa da ya kwana, ya sassauta noti yana danna ɗan famfon hannu har kumfar iska ta daina fita sai mai zalla. Ya juya sau ɗaya, injin ya yi tari biyu ya kama. Ruwa ya zubo rana tana kan bishiyoyi. Ɗan gwangwan ya tura amalankensa ya tafi ko sallama babu.

Injin ya tsira, ya ƙara shekaru yana aiki. Abin da bai tsira ba shi ne sunan Baba. Labari ya kai Kusada kafin mu kai gida. Aka daina cewa a kai wa tsohon Yashe ya saurara, don wa zai kai injinsa wurin wanda ba ya bambance gas da ruwa? Jikokinsa suka samu abin wasa, in sun gan shi da buta sai su ruga su tare ƙofar ɗakin injin. Yakan yi dariya ya bi su da sanda. Ni kuwa duk lokacin da na ji, sai in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji.

Na je na same shi shi kaɗai bayan mako biyu, na ce ya bar ni in faɗa wa mutane gaskiya. Yana goge injin, bai ko juyo ba.

"Ni na gama cin sunana, Malam, saura kaɗan ya rage. Kai ko yanzu ka hwara, ga ɗiyata a gidanka, ga yara na kiranka malam. Bar shi inda na aje shi."

Ban bar shi ba. Bayan rasuwarsa, ranar sadakar uku, na faɗi labarin a zauren gidan, gaban Yaya da dattawan unguwa, tun daga garin sabulu har zuwa tuntsurawa ɗaya. Na gama ina share hawaye. Suka dubi juna suna gyaɗa kai, wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah sarki Malam, akwai kara. Har bayan ransa kana rufa mashi asiri." Na rantse, suka ce ai rantsuwar ma ta ladabi ce. Har yau babu wanda ya yarda da ni a Yashe.