Yadda Albasa Ta Kai Mahaifiyata Asibiti

Shekarun baya, lokacin ina karanta labaran rana a wani gidan rediyo a nan Kano, wani ƙullutu ya fito wa mahaifiyata a wuya. Da farko bai fi gurjiya ba, kuma ba ya ciwo. Ƙanwata ce ta fara lura da shi tana yi mata kitso. Kafin damina ta wuce ya kusa kai goro, in ta haɗiyi abu ana ganin yana hawa yana sauka.

Da ƙyar muka kai ta asibiti, duk da cewa daga gidanmu na Gyadi-Gyadi ko da ƙafa ana zuwa. Likita ya duba, aka yi hoto, sannan ya ce yana so a sa siririyar allura a zuƙo ɗan abin da ke ciki a kai ɗakin gwaji, don a san ko ciwon daji ne ko ba shi ba ne. Inna ta saurare shi har ya gama, ta yi masa godiya, ta gyara mayafinta muka fito. A bakin ƙofa ta gaya wa ƙanwata cewa ita da wurin nan sai dai in dubiya ta kawo ta.

Dalilinta ba baƙo ba ne a unguwarmu. An daɗe ana cewa daji ba ya son ƙarfe, in aka taɓa shi da allura ko wuƙa fusata yake yi ya bazu a jiki. Ita kuma ba a bakin mutane kawai ta ji ba. Tana da aminiya da suka yi maƙwabtaka tun suna amare, aka yi mata aiki a mama, ba ta ga azumin shekarar ba. Inna na cikin waɗanda suka yi mata wanka.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kama sunana, ba ta kuma zaman hira da ni. Ko muna kan tabarma ɗaya, magana ta kan ƙanwata take bi. Duk da haka na ga aikin nawa ne. A wurin aiki an koya mana cewa in ka sa muhimmin abu a gaba, ka guji doguwar jimla, ka bi a hankali, kowa zai fahimce ka. Na tsara bayanina tsaf, na je bayan la'asar na durƙusa na gaishe ta, na fara: "Inna, masana kiwon lafiya sun tabbatar da cewa..." Ta bar ni har na kai tsakiya. Sai ta juya wajen ƙanwata ta ce, "Ke, rage mana muryar rediyon nan, ina lazimi."

Ta ci gaba da shafa wani gari da ake haɗa mata a Darmanawa, ana kwaɓawa da man shanu. Wuyan yana ƙyalli, ƙullutun yana nan.

Ina da aboki tun firamare, yana koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Tarauni. A kwanon gidanmu ya girma, Inna tana wasa da shi yadda ba za ta taɓa yi da ni ba. Na kwashe labari na gaya masa. Ya tambaye ni, "Ita a ganinta mene ne dajin?" Na ce ban tambaye ta ba. Ya ce, "Kai dama ba ka iya tambaya ba sai an riƙa maka makirufo." Ya ce in bar masa safiyar Asabar.

Ranar ya sauka daga adaidaita sahu rungume da wani akwatin katako kamar mai ɗauke da jariri. Madubin likita ne ya aro daga makarantarsu, irin wanda ake duba abin da ido ba ya gani, tsoho, mai ɗan madubi a ƙasa da ke tara hasken rana. Inna na ganinsa tare da ni ta ce, "In aiko ka aka yi, koma ka ce ba ka same ni ba."

"Ni Inna albasa na zo roƙo."

"Albasa? Albashin ya ƙare ke nan tun wata bai raba ba?"

Ya kife turmi a tsakar gida inda rana ke sauka, ya ɗora na'urar. Ya ɓare albasar, ya zare ɗan siririn tantanin nan da ke tsakanin ɓawo da ɓawo, ya shimfiɗa a kan ɗan gilashi, ya ɗiga masa aidin. Ya daɗe yana murɗe-murɗe, sannan ya ce ta zo ta gani. Ta ce ita ba yarinya ba ce. Amma ta zo. Ta sunkuya ta rufe idon da ta kafa, ta bar ɗayan a buɗe, ta ce ba ta ga komai ba sai duhu. Aka gyara. Ta ce yanzu gashin idonta take gani. Ya ce ta ɗan matsa. Ta matsa.

"Wannan ai bulo ne," in ji ta. "Wa ya yi gini a cikin albasata?"

Ya ce kowane bulo da take gani ƙwayar halitta ce guda, kuma albasar duka da su aka gina ta. Ta ce to, albasa ce, Allah mai iko. Ya ce ai ba albasa kaɗai ba. Ya miƙa mata tsinken sakace, ya ce ta kankaro cikin kumatunta da gefen da ba shi da tsini, a hankali. Ta juya mana baya ta yi, ta miƙo ba ta kalle mu ba. Ya goga a wani gilashin, ya ɗiga wani ruwa shuɗi kamar bula.

Wannan karon ba ta rufe idon da bai dace ba. Ta duba, ta ɗago, ta sake dubawa.

"Ni ce wannan?"

"Ke ce, Inna."

"To albasa ta fi ni tsari. Dubi yadda na warwatse kamar wainar da ta ƙi tanda."

Ƙanwata ta yi dariya har da riƙe ciki. Abokina ya ce albasa tana da ƙarin bango mai tauri a waje, shi ke riƙe ta tunda ba ta da ƙashi, na mutum kuwa laushi gare su. Amma in an bar wannan, in ji shi, akwai abubuwan da duk mai rai ya yi tarayya a kansu, daga kuka har kiyashi, har ƙwayar cutar da ke sa gudawa. Kowace ƙwaya tana da siririn tantani da ya kewaye ta, shi ke tantance abin da zai shiga da abin da zai fita. Cikinta cike yake da wani ruwa mai kauri, a nan ake duk aikin rayuwa. Akwai saƙon gado, wanda masana ke kira DNA, da ke ɗauke da umarnin yadda za ta kasance. A nata da na albasa saƙon yana ƙunshe cikin ɗigon nan mai duhu da ta gani a tsakiya, a ƙwayar cuta kuwa a sake yake, amma yana nan. Sai kuma wasu ƙananan ma'aikata da ke bin umarnin suna haɗa sinadaran gina jiki. Su ya ce wannan madubin bai isa ya nuna su ba.

"Wato ka ce in yarda da abin da ban gani ba."

"Uku kin gani, Inna. Ki ba ni bashin ɗaya."

Ta ce wa ƙanwata ta ɗebo mata ƙullun wainar da ta kwaɓa da yis tun asuba. Ita da kanta ta ce a duba. Aka tsinka shi da ruwa aka ɗiga. Ta ga wasu ƙanana zagayayyu, wasunsu da ɗan ƙarami manne a gefe. Ta ce, "Ikon Allah, har goyo suke yi." Ya ce haka ne, babu ƙwayar da ke faɗowa daga sama, kowace daga wata take fitowa. Sai ta kwafi saƙon da ke cikinta, ta rabu biyu, kowanne ya tafi da nasa. Ya ce haka jariri ke girma, haka kuma rauni ke warkewa.

Inna ta koma kan kujerarta ta zauna. Ta kai hannu wuyanta. Ban taɓa ganin ta taɓa wurin a gabanmu ba.

"Wannan fa?"

Ya ce, "Shi ma su ne. Ba wata dabba ce ta shige ki ba, Inna. Naki ne suka taru a wuri ɗaya. Wani lokaci yawa ne kawai, ba su da illa. Wani lokaci kuma saƙon da ke cikinsu ne ya lalace, suka yi ta rabuwa ba tsayawa. Shi ne daji. Ba shi da kunne, ba shi da zuciyar da zai yi fushi da ita. Daga waje ba mai iya sanin wanne ne. Sai an ɗora su a gilashi kamar yadda muka yi yanzu."

"Da ƙarfe."

"Da allura. Ba zan ce miki ba ƙarfe ba ce."

"Aminiyata ma ƙarfe aka sa mata."

Na buɗe baki, don ina da amsa a shirye. Ya taka mini ƙafa. Ya ce, "Allah ya jiƙanta, ta sha ba ni ƙosai ina yaro. Ni ban san ciwonta ba. Ta daɗe da shi kafin ta je?"

Inna ta ce, "Ta ɓoye shi har sai da ya fashe. Ko mijinta bai sani ba. Ni kaɗai ta nuna wa, ta ce amana." Ta ja gefen ɗankwalinta ta goge ido. "Ni nake raka ta karɓo maganin shafawa."

Daga baya ta ce mu tashi mu ba ta wuri, rana ta take tsakar gida. Abokina ya mayar da na'urarsa akwati. A zaure na ce masa ai bai kamata mu tafi ba mu ji matsayarta ba. Ya ce, "Kai dai a bar ka da son jin ƙarshen labari kafin a rufe tasha."

Aka kwana biyu ba ta ta da zancen ba, ni ma ban tayar ba, kuma ba ƙaramin ƙoƙari na yi ba. Wata safiya ina shirin shiga ɗakin watsa labarai ƙanwata ta kira ni. Ta ce, "Inna ta ce a gaya wa wancan, in ya gama surutunsa na rana ya zo ya kai ta."

Da aka kwantar da ita, likita ya ɗauko allurar. Ta ce masa, "Ɗana, kaɗan za ka ɗiba. Ɗigo ɗaya ma sun ishe ka, na gansu." Likitan ya kalle ni, na ce masa labarin da tsawo.

Sakamakon bai fito yadda muka so ba. Sun ce kamannin ƙwayoyin bai kwanta musu ba, gara a cire. Ta yarda ba tare da an sake aro madubi ba. Aka yi aikin, aka tabbatar daji ne, amma bai bar inda ya fara ba. Ta yi jinyarta ta warke. Tana nan da ranta, da ƙwayar maganin da take sha kowace safiya, da siririn tabo a wuya wanda jikoki ke tambaya ko sarƙa ce ta yanke ta.

Na daɗe ina juya abin a raina. Na ɗauka rashin sani ne ke damun mahaifiyata, shi ya sa na tafi mata da bayani. Ashe akwai abin da ta sani wanda babu wanda ya sani, kuma ya yi mata nauyi. In ƙarfe ne ya kashe aminiyarta, to laifin na asibiti ne. In kuwa jinkiri ne, to ita ma tana wurin aka yi jinkirin. Duk wanda zai ce mata ta yarda da allura, yana ce mata ne ta ɗauki wannan nauyin, ni kuma na faɗa mata hakan da muryar karanta labarai. Abokina bai fi ni hujja ba. Ya dai bar ta ta ga da me aka gina ta, ta ga cewa abin da ke wuyanta ba aljani ba ne, sannan ya yi mata tambaya guda ya yi shiru. Har yau in na tuna cewa ni da ita da yis ɗin ƙullu tsarin gininmu ɗaya, nakan ji girman kaina ya ragu kaɗan, kuma hakan bai cutar da ni ba.

Bara ina zaune a gidan, wata matashiyar maƙwabciyarmu ta shigo, ta ja Inna gefe tana magana ƙasa-ƙasa, hannunta a ƙirji. Ban ji abin da ta ce ba, amma na ji ta ƙare da cewa don Allah ya tsaya tsakaninsu. Inna ba ta yi mata wa'azi ba. Ta shiga ɗaki ta fito da mayafinta da takalmi a hannu.

Ta ce, "Tashi mu je yau. Irin wannan amanar na daina karɓa."