Kawu Deshan da Ɓaunar Kan Gada

A ƙauyenmu na Liuwan, in yaro ya kasa zama wuri ɗaya, uwarsa kan daka masa tsawa ta ce, "Kai Deshan ne?" Deshan ɗin kuwa kawuna ne, Pei Deshan, ƙanin mahaifiyata.

Yana saurayi ya bar gonar shayi ya tafi Shanghai dako a tashar jiragen ruwa. Daga nan aka ji shi a Shenzhen yana ɗinkin takalma, sai kuma can Xinjiang wajen tsinkar auduga. Gida sai bikin sabuwar shekara, kuma kafin a cinye naman bikin ya fara leƙen hanya. Matarsa, Inna Suqin, ita ta riƙe gona, ta raini 'yarsu, ta binne iyayensa.

"Wai ƙaya gare ka a gindi?" takan tambaye shi.

"Kujerun garin nan ne ba daɗi," in ji shi, yana ɗaure jaka.

Ya haura sittin lokacin da ɓarin jikin Inna ya shanye. Ba wanda ya zaci zai zauna, amma ya dawo ya zauna. Shi ke yi mata wanka, ya juya ta, ya ba ta kunun shinkafa a baki. Sai dai in ta yi barci zai hau zagaye tsakar gida kamar akuyar da aka ɗaure, har ta farka ta ce, "Tsoho, don girman kakanninka ka fita, jiri kake sa ni."

A lokacin masu yawon buɗe ido sun riga sun gano mu. Kowace safiya manyan motoci na sauke mutanen birni a bakin gada, su cika lunguna suna ɗaukar hoton farin bango da baƙin rufi, har barkonon da muke shanyawa bai tsira ba. Fang, shugaban ƙauye, ya zo har gida ya sami Kawu.

"Yaya Deshan, fuskarka ta yi daidai. Za ka sa malafa da rigar kaba, ka ja ɓaunar noma a kan gada da sassafe, lokacin da hazo bai tashi ba. Shi ke nan aikin."

"Daga ina zuwa ina?"

"Daga wannan bakin zuwa wancan. Sai ka dawo."

Kawu ya karɓa, don aikin na kusa da gida. Amma ni da nake soya awara a gindin gadar na ga yadda yake cin sa. Masu hoto su jeru suna ihu: "Baba, koma baya! A hankali! Sake!" Shi kuwa sai ya saki igiya ya nufo su. "Kai daga ina? Wuhan? Har yanzu ana sayar da taliyar riɗi a bayan tasha?" Ɓauna ta tsaya tana tuƙa, hazo ya watse, hoto ya lalace.

Wata safiya cikin kaka aka sauke wasu tsofaffi 'yan fansho daga Harbin. Wata mai jar hula a cikinsu ta dubi lungunanmu ta yi hamma.

"Ƙauyukan nan duk ɗaya ne. Jiya ma irin wannan muka gani."

Kawu ya ji. Ya ɗaure ɓauna a jikin gada, ya yar da malafa.

"Yaya, ƙafarki na aiki?"

"Ta fi taka."

"To biyo ni."

Su bakwai suka bi shi. Ya ratsa da su gonakin shinkafa, suka kutsa kurmin gora, suka hau tsohuwar hanyar dutse har kufan da ke kan tudu, inda aka haife shi. Ba mai zama can yanzu sai bishiyoyin kanya da suka tsiro cikin ɗakuna. Suna can ruwa ya goce. A ƙasa direbansu ya yi ta danna oda, Fang na safa da marwa yana share gumi, ni kuma na rufe kasko na ruga na ba Inna abinci.

Sai la'asar suka gangaro, taɓo har gwiwa, aljihu cike da kanya, suna rera waƙa. Mai jar hula da takalmi ƙafa ɗaya.

"Ka haukace?" Fang ya tare shi. "Da wani ya karye fa?"

"Bai karye ba."

Ranar aka karɓe malafa aka ba wani. Amma labari ya bazu, baƙi suka riƙa sauka suna tambayar tsohon da ke ɓatar da mutane. Dole Fang ya ƙyale shi, bisa sharaɗin ya dawo da kowa kafin rana ta take. Shekara uku yana haka: safiya a kan tuddai da baƙi, yamma a gefen gadon Inna yana ba ta labarin wanda ya zame da wanda ya ji tsoron maciji. Takan yi dariya da rabin baki.

Cikin hunturu ta rasu. Da aka gama zaman makoki 'yarsu ta zo daga Hangzhou, ta ce ta gyara masa ɗaki a bene, har da talabijin. Ya ce zai yi tunani. Bayan kwana kaɗan na hango shi a bakin gada da tsohuwar jakarsa, yana hawa motar baƙi.

"Kawu, ina zuwa?"

"Zan je in ga ƙauyen wasu. Ku ci kanyar gidana kafin tsuntsaye su riga ku."

Tun daga nan sai lokacin bikin sharar kaburbura na shekara-shekara muke ganinsa. Yakan zo ya nome ciyawar kabarin Inna, ya ƙona turare, ya zauna ya yi mata hira mai tsawo. Sannan ya zo rumfata ya ci awara a tsaye, yana kushe awarar mutanen Guizhou, wai tsami ya yi mata yawa.

Bana ya ce yana wanke kwanuka a wani masauki a Yunnan, kusa da iyaka, kuma gwiwarsa ta fara ciwo. Na ce to ya dawo gida mana. Ya ce akwai wani kwari a can da bai shiga ba tukuna, an ce hanyar sai bayan damina take buɗewa.