Ƙusa ta Bakwai

Kafinta mutum ne mai tsari, duk layin sun shaida. A bangon shagonsa akwai ƙusoshi bakwai a jere, kowace da takardar aiki a rataye. Ta farko ita ce aikin yau. In ya gama, sai ya matso da sauran gaba. Shekara talatin bai taɓa saɓa wa mai ƙofa ko mai gado alkawari ba.

Da wani tari ya kama shi, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita ya ba shi takarda ya je babban asibiti a ɗauki hoton ƙirjinsa. Ya kawo ta ya rataya a ƙusa ta bakwai, kamar kowane aiki. Tana matsowa sannu a hankali, ta iso ta biyu, sai wani ya shigo: taga ta ɓalle, ga ruwa ana yi. Kafinta ya cire tasa ya mayar baya. Sau nawa aka yi haka, shi ma ya daina ƙirgawa.

"Malam, wai yaushe za ka je?" in ji matarsa.

"Layi ake bi, uwar yara. Ban fasa ba, ɗagawa na yi."

"Wannan ɗagawa taka har ta yi furfura."

Amininsa mai walda yana jin tarin ta bango. "Tsoho, tari ne wannan ko zarto ne ya ci ƙusa?"

Kafinta ya yi dariya har ya dafa tebur. "Ƙurar katako ce. Bari in sallami mai gadon jariri."

Akwai tsoro a ciki, ba a musu. Amma shi dai, bawan Allah, bai iya duban mai buƙata ya ce masa tasa ce gaba ba.

Ranar da ya je, mai walda ne ya tallabe shi zuwa mota, ƙafafunsa sun gaza. Likitar babban asibitin ta daɗe tana duban hoton. Ta juya takardar, ta ga wata goma sha huɗu ke nan da rubuta ta, ta ajiye biro.

Kafinta da mai walda suka fito suka zauna a bencin baranda. Bencin yana girgiɗi. Kafinta ya sunkuya da ƙyar ya shafa ƙafar bencin.

"Ba su sa masa gam ba," ya ce a hankali.

Sati uku ya ƙara a duniya. Allah ya ji ƙansa, ya hutar da shi.