Jakar Baba Arzika a Kan Sikeli

Cikin duk ranakun da na yi ina aiki a shagon Kawu Nomau, wadda ba ta fita raina ba ita ce ranar da na ƙi sauke jakar Baba Arzika daga kan sikeli. Ku da kunka zo koyon aiki bana kun ji gutsin labarin a bakin mutanen kasuwa, kowa da yadda yake faɗinsa. Za ni rubuta shi sau ɗaya, don na gaji da maimaitawa.

Na shiga aikin nan bayan na ƙare sakandare. Shagon yana cikin kasuwar Sabon Birni. Muna ɗinka jakar goyo ta tamfol, muna saida takalman roba da ake kawowa daga Maraɗi, da jarkar ruwa, da igiya, da tocila, da wuƙa, da gishiri. Bindiga da albarushi ba mu taɓa su, wannan ba layinmu ba ne. Yawancin shekara 'yan tireda masu shiga Nijar da makiyaya ne abokan cinikinmu. Amma da zarar an ƙare kaka an kai gero rumbu, sai maharba su fara zuwa, don lokacin farautar barewa da gada ya yi.

Ga wanda bai sani ba, maharba suna da shugaba, shi ake kira Sarkin Baka. Shi ke sa ranar fita, shi ke zaɓen dajin da za a shiga, shi ke raba nama in an dawo. Ranar tafiya kowa yakan taru a bakin shagonmu, don a nan sikeli yake. Babura ke kwasar su zuwa gonakin ƙarshe can bayan Gangara, daga nan sai tafiyar ƙafa, kwana da kwanaki, kowa da kayansa a baya.

Aikina ranar shi ne awo. Ƙa'idar da Kawu da Sarkin Baka sunka tsayar ita ce kada kayan mutum su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa, don in an dace, nama zai ƙaru a dawowa. Akwai kuma yadda ake shirya jaka. Ruwa ke fara shiga, a aljihun da muke ɗinkawa daidai gadon baya, don shi ya fi komai nauyi. Sai gishirin shanya nama, igiya, wuƙa, ashana, tocila, da bargo mara kauri. Abinci ke zuwa ƙarshe, kuma shi ake ragewa in jaka ta yi yawa, saboda daji yana ba maharbi abin da zai ci, amma da rani ba ya ba shi abin da zai sha. Doka ta biyu, babu mai ɗaukar wa wani kaya. Yadda daji ya koma yanzu, ana iya watsewa ba shiri, kuma wanda ruwansa yake bayan wani ya halaka.

Abu na ƙarshe da ya kamata ku sani shi ne maganar guzuri. A wurin maharbanmu, duk gidan da ya ba maharbi wani abu na ci don hanya, ko ƙuli-ƙuli ne, gidan nan yana da rabo cikin naman da maharbin ya samu. Sharaɗin kawai shi ne a ci abin a kan hanya. In ya bar shi gida ko ya maida, rabon ya faɗi, kuma an wulaƙanta wanda ya bayar. Samari sukan karɓi na uwa da na mata, su kauce wa saura. Tsofaffi ba su iya kaucewa.

Baba Arzika mutumin Kurawa ne. Ya girmi Sarkin Baka ma, kuma jikinsa duk ya tsotse, in ya hau sikeli allura ba ta wahala. Tun da na fara aiki yake kirana Malama Sikeli, don wai ban san kowa ba sai allura. Shekarar da nake magana, kafin ranar fita ya zo ya zaɓi jaka, na ba shi ƙarama, na haɗa masa da jarka biyu. Ya yi ta tsokanata wai na ba shi jakar 'yan firamare. Na ce masa ta firamaren ma ta fi ƙarfinsa.

Ranar tafiya ranar kasuwa ce, da hantsi, ga mutane cike a bakin shago, ga masu babura suna ta matsa min in yi sauri. Na auna na samari, na sa wani ya fidda rediyo, na sa wani ya rage takalmi na biyu. Da anka zo kan Baba Arzika, ya ɗaga jakarsa da kansa ya rataya a ƙugiya. Allura ta tsaya daidai inda ya kamata, ba ƙari ba ragi. Abin da ya fara ba ni mamaki ke nan, don tsoho bai taɓa zuwa da kaya daidai ba, kullum sai mun yi faɗa a kan abin da zai rage.

Mace ba ta buɗe jakar maharbi, saboda layu da sauran abin da suke ajewa ciki. Ni ban ga dalili ba, amma aiki na zo yi, ba gardama ba. Abin da ba a hana ni ba shi ne in taɓa ta daga waje. Na kama jakar na girgiza. Jakar da ke da ruwa tana da yadda take amsawa, za ku ji shi yana kai da kawowa. Wannan shiru. Na latsa aljihun baya, yatsana ya nutse cikin abu mai laushi.

"Malama Sikeli, allura ta ce mi?"

"Ta ce daidai."

"To sauke min kayana, mutane na jira."

"Ba ni saukewa, Baba. Ina jarkokin da na ba ka?"

Ya ce suna nan. Na ce ba su nan. Ya rage murya ya ce in rufa masa asiri, ya san wata rijiyar makiyaya a hanya, a can zai sha. Na ce masa rijiyar nan makiyayan da kansu sun faɗa mana a shagon nan ta ƙafe, kuma ko da ruwa ciki, da mi zai ɗiba, da hula? Ban rage murya ba. Ban iya ba, kuma ina da layi a bayansa.

Kawu Nomau ya fito yana ce min in bi a hankali, dattijo ne. Amma Sarkin Baka ya riga ya ji. Ya matso ya ce Baba ya buɗe jakar da hannunsa. Baba ya daɗe tsaye kafin ya kwance igiyar. A aljihun ruwa akwai dawon fura naɗe cikin leda, manya-manyan curi. Ƙarƙashinsa ƙuli-ƙuli, garin rogo da sukari, dabino, gyaɗa soyayya, dafaffen dankali, har da tuwon madara. Kowanne da ɗaurinsa daban. Ruwan da ke cikin jakar gaba ɗaya bai wuce 'yar ƙaramar gorar lemo ba.

Sarkin Baka ya tambaye shi na gida nawa ne wannan. Baba ya fara lissafa masu bayarwa, yawancinsu mata ne da mazansu sunka rasu, da wasu da sunka baro ƙauyukansu sunka zauna a Kurawa ba gona ba dabba. Dawon kuwa na wata tsohuwa ce, Inno Tumba, wadda ta daka shi da kanta ta kawo masa har zaure. Ya ce gidajen nan ba su ganin nama sai in ya shiga daji, kuma babu wanda zai iya kallo ya ce masa jaka ta cika.

Sarkin Baka bai tausaya masa a fuska ba. Ya ce magana biyu ce. Ko ya aje guzurin ya ɗauki ruwa, ko ya koma gida. Babu mai shiga daji a bayansa ba ruwa. Wani saurayi ya ce shi zai ɗauki rabin guzurin, Sarkin Baka ya ce doka ba ta canza ba, kuma ko ya ɗauka, rabon zai koma kan namansa ne, ya tambayi uwarsa in ta yarda. Saurayin ya ja baya. Munka gwada sa jarka ɗaya a kan guzurin, allura ta wuce nesa. Baba ya ce zai iya. Na ce ya ɗauka ya zaga rumfar masu tumatir ya dawo mu gani. Ya harare ni, bai ɗauka ba.

To haka anka tsaya. In ya aje, gidajen nan sun rasa rabonsu kuma ya ci musu fuska. In ya zauna, sun rasa duka. Ga rana tana ɗagawa, ga masu babura suna cewa za su tafi neman wani lodin, ga wata mata da ta zo sayen takalmi ta kasa ko shigowa. Ni abin da ya dame ni a lokacin ƙofar shagonmu ce, gaskiya. Sai na ce, "In dole sai an ci, ku cinye shi nan mana, ku ba ni wuri."

Samarin sunka yi dariya. Kawu ya daka min tsawa. Sarkin Baka bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallon kayan da ke shimfiɗe, sannan ya juya ga Baba.

"Arzika, ka baro gida?"

"Na baro."

"Ka yi sallama da iyali? Sun yi maka addu'a?"

"Sun yi."

"Rigar daji ce jikinka?"

"Ita ce, Sarki."

"To tun Kurawa kana bisa hanya. Ban ga inda anka ce sai cikin ƙaya ake cin guzuri ba. A kawo tabarma."

Wani dattijo cikinsu ya ce shi bai taɓa ganin an yi haka ba. Sarkin Baka ya ce shi ma bai taɓa gani ba, amma bai taɓa ganin an hana ba, kuma in akwai laifi a kansa yake. Anka shimfiɗa tabarmarmu ta salla a bakin shago. Kawu ya aika anka sayo nono wurin Fulani, ya fiddo babbar roba, anka dama dawon Inno Tumba gaba ɗaya. Baba ne ke kwance kowane ɗauri, ya ambaci sunan mai shi, ya fara sawa a baki, sannan ya tura wa saura. Haka sunka bi su ɗaya bayan ɗaya. Garin rogon ne ya ba su wahala, don ya kumbura. Masu babura ma da ke ta gaggawa sunka sauka sunka sa hannu, har Sarkin Baka ya ce su ci a hankali, su ba su da rabo a nama. Dabino kaɗai Baba ya rage ya sa aljihu.

Na cika masa jarkokinsa biyu, ya sa su inda anka ɗinka dominsu, na sake aunawa. Ta yi daidai. Na sauke na miƙa masa. Ya goya ya hau babur. Sun bar kasuwa a makare, cikinsu ya yi nauyi, wani yana cewa ko barewa ta zo ta gaishe shi ba zai iya bin ta ba.

Bayan kwanaki sunka dawo da barewa ɗaya da gada kaɗan. Baba bai harbi komai ba, amma duk wanda ya shiga daji yana da kaso. Na ji an ce a zaurensa ya zauna ya yanka nasa ƙanana-ƙanana, kowane gida ya samu abin da bai wuce tafin hannu ba, ya aika har gidan Inno Tumba. Abin da ya rage masa ƙashi ne.

Ni kuwa bai yafe min ba. Ya ce na tona shi a tsakiyar kasuwa gaban 'ya'yan cikinsa. Har yau in zai sayi igiya sai ya wuce mu ya je rumfar gaba, kuma ranar awo Kawu yake miƙa wa jakarsa, ko da yake ni ke karanta allurar. Bai dame ni ba. Yana zuwa daji yana dawowa.

Abin da ya fi damuna shi ne abin ya zama al'ada. Tun da mata sunka ji ba sai an goya guzurin ba, sai sunka ƙara yawansa. Bara har da tukunyar dambu anka kawo. Shi ya sa ranar fita nake sa ku share bakin shago tun da safe ku fidda tabarma biyu, kuma ba mu yin cinikin kirki sai sun tashi.

Ga abin da na koya, ku riƙe. Sikeli nauyi kaɗai yake faɗi, ba ya faɗin abin da anka fidda don a samu nauyin. Saurayi in ya yi kuskure, ƙari yake yi, ya cusa abin da ba ya buƙata, kuma allura za ta kama shi. Tsohon maharbi ragi yake yi, kuma abin kansa yake fara fiddawa kafin ya taɓa abin da wani ya ba shi. Wannan kuwa, allura ba ta ganinsa. Saboda haka kowace jaka ku girgiza ta kafin ku sauke, ta dattijo ku girgiza sau biyu. In zai yi fushi ya yi, ku bar ta a ƙugiya sai kun ji ruwa.