Wace ce Laila?

Sallar asuba kawai muka yi muka bar unguwar Edmonton ta Landan a mota, ni da maigida da maƙwabciyarmu 'yar Kumasi da nake kira Yaya. Wata huɗu ke nan da ƙaramin jirgin saman da ɗanta yake koyon tuƙi a ciki ya daki dutse a Wales, hazo ya rufe musu ido shi da malaminsa. Tun ranar abu ɗaya ke cin Yaya: ko yaron ya samu cikawa da kalmar shahada? Shi ya sa muka ɗauko ta, mu hau dutsen ta ga wurin.

Babbar hanyar sumul, ba rami ko ɗaya. Mun tsaya shan shayi, da maigida ya ga kuɗin kofi guda sai ya tuna ashe akwai flas ɗina a but. Muka sha namu da ƙosai mai sanyi. Bayan azahar hanya ta tsuke, ta kama hawa. Tumaki ko'ina, kowacce da shafin fenti a gadon baya, sun fi mutanen garin yawa. Ina kallo gajimare ya sauko ya haɗiye dutsen da ke gabanmu, ko minti biyar ba a yi ba. Nan na gane yadda abin ya faru.

Muka sauka gidan manomin da ya fara isa wurin jirgin, dattijo ne, hannunsa duk kanta. Ya ce hawa ba zai yiwu ba yau, ya shigar da mu kicin. Ya ce ƙara ya ji, ya bi warin mai har ya same su. Malamin ya riga ya rasu, yaron da sauran numfashi, sai ya lulluɓe shi da kwat ɗinsa. Can ya dubi Yaya, maigida na fassarawa:

"Wace ce Laila? Ita yake ta kira. Laila, Laila, illa... har ya yi shiru."

Maigida ya kasa ƙarasa fassarar. Yaya ta dafe bango ta zame ƙasa. "Alhamdulillahi! Ɗana ya samu, 'yar'uwa, ya samu!"

Dattijon ya rikice, ya ɗauka ɓaranɓarama ya yi. Da aka yi masa bayani ya cire hularsa.

Washegari da hantsi muka kamo hanyar Landan, ba mu taka dutsen ba. Na dawo da sanin cewa Allah kan ba mutum ajiyar saƙon da shi kansa bai san ma'anarsa ba. Yaya kuwa, tun kafin mu sauka daga cikin duwatsun ta ce yunwa take ji.