Gwaggo Turai, Uwar Ɗakin Masu Majina

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Gwaggo Turai, mai kula da yara a gidan raino na Malama Hadiyya da ke Batsari. Na yi kuka har na gaji, Gwaggo, amma da na zauna rubutu sai na tarar yawancin abin da nake tunawa game da ke na dariya ne.

Shekara shida ke nan da aka kira ni intabiyu ta ɗaukar malamai a Safana. Shekara uku ina jiran wannan kira, kuma rana ɗaya tak aka ba mu. Da asuba ɗana Yazid ya tashi da mura da ɗumin jiki. Mijina yana gona a Wagini, ba ni da wanda zan bar wa yaro. Dokar gidan raino kuwa sananniya ce: ana auna zafin jiki a bakin ƙofa, mai zazzaɓi ya koma gida. Sai na yi abin da iyaye mata da yawa ke yi a ɓoye, na ɗura masa farasitamol, na shafa masa hoda, na kawo shi ina fara'a.

Na'ura ta ce lafiyarsa lau. Ke kuwa da kika karɓe shi, sai kika manna kumatunki a goshinsa, kika shinshina bakinsa, kika dube ni.

"Mahfuza, ƙarfe nawa kika ba shi?"

Na hau kame-kame.

"Ɗiyata, ba tona maki asiri zan yi ba. Gudu nake in ƙara mashi magani bisa wanda ya sha."

Kunya ta kama ni, na faɗi gaskiya. Kika ja hannuna har gaban Malama Hadiyya, kika zayyana mata komai, sannan kika roƙi a ba ki ɗakin ajiyar tabarmi ki keɓe shi daga sauran yara. Kika yi alkawarin cewa idan numfashinsa ya yi sauri, ko ya ƙi shan ruwa, ko ƙuraje suka fito, asibiti za ki nufa da shi ba tare da neman izinin kowa ba. Malama ta ce a gwada na yini ɗaya.

Sai kika ce in tuɓe mayafina, wai yaro marar lafiya ba ya barci sai da ƙamshin uwarsa. Sabon mayafin da na saya don intabiyu! Kika yafa mini naki, wanda ya koɗe, yana tashin man zafi. Haka na hau babur, haka na zauna gaban masu intabiyu mutum biyar, ɗayansu yana ta atishawa. Wayata na cinyata, ina ta duba ta, amma ba ki kira ba. Da na dawo na iske shi yana shan kunu a cinyarki, mayafina ya zama hankici.

Yinin gwajin nan shi ya zama mafarin ɗakin masu majina. Kowane yaro da kofinsa, kowa da zanen uwarsa, ke kuma da buta da sabulu kina bin hannuwa. Ba kowa kike karɓa ba. Wadda ta kawo mai ƙyanda ko gudawa ta sha faɗa, kuma da kanki kike raka ta asibiti. Iyaye suka daina ƙarya a bakin ƙofa.

Ranar da takardar ɗaukata aiki ta fito, wurinki na fara kai ta. Ba ki karatun boko, sai kika sa na karanta miki sau biyu. Ke da kike hana mu ko tari mai ƙarfi a ɗakin, kika rangaɗa guɗar da ta tashi yara uku daga barci, muka zauna muna rarrashi muna dariya. Duk ajin da na shiga tun daga ranar, da hannunki a ciki, kuma ban taɓa faɗa miki haka ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki Nasiru da Sahabi, da danginki na Darini, da Malama Hadiyya. Allah ya ba mu haƙuri. Ya Allah, baiwarka Turai ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka haskaka kabarinta, ka karɓe ta da tausayin da ta karɓi 'ya'yanmu a ranakun da ba mu da inda za mu kai su. Amin.