Buhu Mai Hula

Ana kiran assalatu na fito daga gida a unguwar Lazare ta Yamai, jaka a kafaɗa. Aikina rubuta manhajar waya ne, kuma wannan karon ƙanwar mahaifiyata na yi wa, Inna Rabi, wadda ta tsufa tana sayar da albasa buhu-buhu. Da ƙyar ta yarda na buɗe mata shago a waya saboda Sallar Layya. Kafin gari ya waye mutane sun yi komandi, wato oda, ta buhu ɗari da ashirin, ita kuwa ɗari ta saya a Galmi. Manhajar tawa karɓa kawai take yi, ba ta tambayar abin da ke ƙasa.

Da na kai mata labari ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Injiniya, in mutum ɗaya ya ji kunyar baƙinsa ranar Sallah saboda ni, ka cire sunana daga wayarka. Tafi Galmi ka ga kayan da idonka."

Yamai zuwa Ƙonni

Kabu-kabu ya sauke ni tasha, motar ta tashi rana ba ta fito ba. A shingen fita gari jandarma ya karɓi katinan shaidarmu ya maido. A Doso na sha shayi da burodi a tsaye, ina buga wa dillalai waya ko wani zai sayar mini da buhu ashirin. Duk wanda na kira sai ya yi dariya: "Ana gobe-jibi Sallah? Allah ya ba da sa'a!" Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta miƙo mini dambu da zogale, wai fuskata ta nuna ban karya da kirki ba. Na ci, amma ban ji ɗanɗanonsa ba har muka wuce Ƙonni.

Galmi

Warin albasa ne ya fara tarbata, tun ban sauka ba. Alhaji Isufu, wanda ke yi wa Inna sayayya, ya kai ni wajen rudu, bukkokin kara da ake ajiye albasa a kan gado don ta sha iska. Na ce, "Alhaji, a wayata an rubuta muna da buhu ɗari." Ya ce, "Kuna da albasa a rudu dai, ɗana. Ba ta zama buhu sai an tsince, an ɗinke."

Na tsaya kallon masu cikawa. Buhu ya cika, na zaci an gama, sai na ga suna ta tulawa har ta yi tozo. Wani ya kawo guntun buhu ya kifa a kai, ya bi da allura ya ɗinke. Na ce, "Wannan fa?"

"Hula ke nan. Buhun Galmi ba ya fita kai ba hula."

"To, na Lazare ai ba shi da ita!"

"Can ai cirewa suke yi. Hula huɗu ta cika buhun Yamai guda."

Wallahi ban san lokacin da na yi tsalle ba! Ɗari a nan, ɗari da ashirin da biyar ke nan a can. Abu biyu daban nake kira buhu a manhajata, na wurin saye da na wurin sayarwa. Na kira Inna ina haki. Ta bar ni na gama, ta ce, "Ka gano hula? Madalla. Saura hanya ta ci rabonta." Ta kashe. A zauren Alhaji na kwana bayan tuwon dawa miyar kuka, ina ta murmushi ni kaɗai.

Bayan kaya, gaban kamyo

Na ƙi motar fasinja, na ce ƙafata ƙafar albasa. Direban kamyon, wato babbar motar da za ta ɗauki albasar, Malam Hamadu, Bazabarme ne mai Hausa zaƙwai. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne mai wayar da ke cewa kaya kwana ɗaya za su iso? Hau mu gani."

Na hau, na kuwa gani. Lodi kaɗai ya cinye mana safiya. Kowane shinge sai an tsaya an nuna takardu, wani a sallame mu nan take, wani sai mai sa hannu ya dawo daga salla. Na tambaye shi me ya sa bai rufe kayan da tampol ba. Ya ce, "In na rufe ta dahu, in na buɗe ruwa ya same ta. Sama nake kallo, ba agogo ba."

Kusa da Dogon Dutsi hadari ya taso baƙi ƙirin. Kafin mu tsaya yayyafi ya fara. Muka haye kan kaya muna jan tampol, iska na fizge shi, ni da ban taɓa ɗaura igiyar mota ba ina ihu, "Ja ta can, Malam!" Muka rufe, amma layin baya ya jiƙe. Na sauko jagab, ina dariya ina fargaba. A Doso muka yada zango, ruwa na ɗaukewa ya yaye tampol ɗin.

Lazare

Da hantsi muka shigo Yamai. Inna tana zaune bakin mangaza, ɗakin ajiyar kayanta, da mata masu tsinta. Aka farke huluna, albasa ta gangaro ja jawur, aka shiga ware mai laushi gefe. Duk buhun da aka ɗinke sai na danna a waya, ɗan kabu-kabu ko mai baro ya ɗauka ya nufi gidan mai shi. Tulin ruɓaɓɓiya sai girma yake yi. Da la'asar aka share ƙasa tas. Buhun ƙarshe ya tsaya a rabi.

Na duba, na wata ce da ta rubuta sunanta Maman Biyu. Ɗaya daga matan ta ce a cike da masu ɗan laushi, wa zai sani kafin Sallah ta wuce? Inna ta ci gaba da ware albasa. Na koma gefe na danna lambar, ina shirya kalmomin ban haƙuri. Sai na ji waya tana ƙara a bayana, cikin lalitar Inna.

Ta ɗauka tana kallona. "Salamu alaikum, wa ke magana?"

Na ce, "Hajiya, daga shagon Inna Rabi ne. Buhunki rabi ya samu. Ki karɓi rabin, ko ki jira mota ta gaba."

"Zan jira," in ji ta, matan suka kwashe da shewa. Ashe sabon layi ta saya ta sa komandin da kanta. Ta mayar da wayar lalita ta ce, "Albasa ko da yaushe hanya na cinta. Ina son in ga ko za ka kira mutum ka faɗa masa. Bar sunana a ciki, Injiniya."

Kafin magariba na gyara manhajar. Yanzu ta san buhun Galmi daban da na Yamai, ta raba kayan rudu da na hanya da na mangaza, kuma ba ta sayar da buhunan ƙarshe sai an tsince. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Alhaji Isufu da Malam Hamadu. Rabin buhun nan kuwa ni Inna ta ɗora wa a ka, na kai mata gida a ƙafa, hular wani buhun Galmi a aljihuna.